Ranar da Tela Mai-biro Ya Rasa Maburgi

Tela Mai-biro, kamar yadda kowa a layinmu ya san shi, ya fara cike wasan gurabe na jarida ranar huɗu ga watan Yuni na shekarar 1998. Wasan gidaje ne farare da baƙaƙe. A ba ka bayani, ka nemo kalmar da ta dace, ka jera haruffanta a kwance ko a tsaye. Kowace rana da jigonta: yau tsuntsaye, gobe cututtuka, jibi kayan noma.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, da keken ɗinki biyu da teburin yanka. A kan teburin yake shimfiɗa jaridar, ya danne gefenta da almakashi. Dokokinsa uku ne, kuma shi ya kafa wa kansa: da biro zai rubuta, ba zai tambayi kowa ba, kuma zai gama kafin ya rufe shago ƙarfe biyar. In ya gama sai ya buɗe wani littafi mai baƙin bango, ya rubuta kwanan wata, ya ba wasan maki bisa goma. Bai taɓa wuce bakwai ba. Ranar da aka sa jemage cikin jigon tsuntsaye, biyu ya bayar, ya kuma aika wa mai tsara wasan wasiƙa yana tambayarsa a wace sheƙa ya ga ƙwan jemage.

Shekara goma sha ɗaya bai tsallake rana ba. Sai ciwon yana ya rufe masa ido, aka yi wa na dama aiki aka naɗe shi, na hagun kuwa ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Likita ya ce kwana goma ba karatu.

"Ni dai an gama da ni," in ji shi da suka dawo gida. "Shekara goma sha ɗaya za su tafi a banza."

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Baban yara, ido aka naɗe maka, ba kai ba."

Ta ɗauki ƙyallen farin yadi, ta hau kekensa, ta ɗinka layuka a kwance da a tsaye har gidaje suka fito daidai da na jaridar. Duk inda baƙin gida yake, ta ɗaura maɓalli. Kowace safiya takan kwance maɓallan ta sake musu wuri. Shi kuwa ya riƙa bin yadin da yatsu yana ƙirga gurabe. Ita ta karanta bayani, ya faɗi kalma, ta rubuta a jarida, ya soka fil a kowane gidan da aka cike. Ya ce wannan bai karya doka ba, domin aron ido ya yi, bai yi aron kai ba.

Kwana shida abin yana tafiya sumul. A rana ta bakwai jigon ya zo a kan kayan girki. Ya samo ludayi, ya samo rariya, ya samo turmi yana taƙama. Saura ɗaya a tsaye, mai gurbi bakwai, farkonta M, ƙarshenta I. Inna ta karanta: "Ana murza shi tsakanin tafukan hannu domin miya ta haɗe."

Ya shafa yadin, ya sake shafawa. "Matankaɗi?"

"Ya yi tsawo, ranka ya daɗe. Kuma ban taɓa ganin an tankaɗe miya ba."

"Kada ki faɗa!"

"Ni na isa? Ai mai maki bisa goma ne a gabana."

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Wani ya zo karɓar rigarsa, tela ya sallame shi a gurguje. Inna ta shiga ciki, ta fito da abin a hannunta, ta zauna kusa da shi tana murza shi cikin kwano da gangan.

"Wannan ƙarar ta mece ce?"

"Aikina nake yi. Shekara talatin kana shan miyar, ba ka taɓa tambayar me ya haɗa ta ba."

Biyar saura minti biyar ya sauke numfashi. "To, uwar ɗakina, na sara miki. Mene ne sunansa?"

"Ban ji ba."

"Na ce don Allah."

"Maburgi," in ji ta, ta kuwa rubuta tun kafin ya ba da izini. Ya yi dariya har sai da ta tuna masa likita ya hana jijjiga kai.

Da aka kwance masa ido, ya buɗe littafin ya cike kwanakin jinya ɗaya bayan ɗaya. Ya ba wasan kayan girki tara, karon farko da ya wuce bakwai, ya rubuta cewa mai tsarawa ya fara hankali. Amma a gefen da yake sa alamar ya gama, ya tsaya. In ya sa, ya yi wa dokarsa ƙarya. In ya ja layi, shekarunsa sun yanke. Inna ta ce mata da miji abu ɗaya ne, saboda haka bai tambayi kowa ba. Ya ce hujjar tana da ƙarfi, zai yi nazari.

Ya ƙara shekara takwas yana wasan, yanzu da kujera biyu a bakin tebur. Duk ƙarshen shekara takan tambaye shi hukuncin, ya ce shari'a ba ta son gaggawa. Bayan rasuwarsa Inna ta nuna mini littafin: kowace rana da alamarta, sai wannan guda, gurbinta fari fat, yana jiran hukuncin tela.