Malamin da Ke Sauraren Ƙwaƙwalwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina tsakiyar aiki a ɗakin gwaji aka bugo mini waya cewa ka rasu, Malam. Sai da na kashe na'ura sannan na yi kuka, don na san halinka.

Ka ƙare rayuwarka kana sauraren ƙwaƙwalwar ɓera, sashen hifokamfas mai adana abin da aka koya. Mukan taɓa ƙwayar jijiya guda da siririn tsinken gilashi, lasifika ta riƙa ƙas-ƙas. Kakan ce sinadarin gulutamet mai buga ƙofa ne: wata ƙofar nan da nan take buɗewa, wata kuwa sinadarin maganiziyam ya tokare ta, ba ya kaucewa sai ƙwayar ta ɗau zafi. Da ɓera kana da haƙuri. Da mu ɗalibai kuwa ba ka da shi: in na yi tari ana aiki sai ka ce, "Ranki ya daɗe, a je waje a ƙarasa." Amma kai ka zauna da ni har hannuna ya faɗa, bayan na fasa gilashin da ya isa a kore ni.

Abu ɗaya muke yi maka dariya a kai. Idan aka janye maganiziyam, ƙwayoyin sukan rikice su kama farfaɗiya a cikin farantin gwaji. Kai ke tsara gwajin, amma da lasifika ta fara ruri sai ka fice baranda. Muka ce tsufa ne.

A gidan makoki na ga babbar 'yarka, goshinta duk tabon faɗuwa. Mahaifiyarta ta ce tun tana goye ciwon farfaɗiya yake kayar da ita. Ba ka taɓa gaya mana ba. 'Yar taka ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, ke ce ta wurin aikin Baba? Ya ce ya kusa gano maganin. Da gaske ne?"

Mata suna ta ƙifta mini ido in ce e. Amma ka hana mu faɗin abin da ba mu gani ba. Na ce, "Bai kai ba. Na dai san inda ya tsaya, kuma Litinin zan buɗe ɗakin."

Ta yi murmushi. "Shi ma kullum Litinin yake cewa. Ina jira."

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba iyalinka haƙurin rashi, Ya ba 'yarka lafiya, ta hannunmu ko ta hannun waɗanda suka fi mu.