Kwano Biyu a Bayan Ƙofa

Ranar Litinin, huɗu ga Nuwamban 1957, na raka Babanmu bakin titi, jakarsa a kafaɗa, zai koma jirgin ruwan da yake wa aiki. Shekarata bakwai. A wajen mai jarida muka ga hoton wata 'yar karya, kunnuwa a tsaye. Baba ya ce Rashawa ne suka harba ta sama, tana can tana zagaya duniya. Na ce yaushe za ta sauko? Ya shafa kaina, ya ce sai mu ga wanda zai riga wani dawowa, shi ko ita.

A unguwar Canning Town ta Landan muke lokacin, ɗaki ɗaya, kusa da kangayen da bama-baman Jamus suka bari. Nan muke 'yar ɓuya, muna tsintar itace, muna leƙen wani bene da aka tsage biyu, har yanzu da madubi a bangonsa. Innarmu kuwa da al'adar gidansu ta zo daga Kano: matafiyi ba a kife kwanonsa. Kullum sai ta zuba wa Baba nasa, ta rufe, ta ajiye bayan ƙofa, da safe a ɗumama mana. Ni ma na samo gwangwani na zuba ruwa, na ajiye wa karyar a gefe. Inna da ba ta yarda kare ya ko shinshini ƙofarta, ta gani ta ƙyale ni.

Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ya tafi yaƙi bai dawo ba, ita ta gaya mini cewa tun farko ba a shirya wa karyar hanyar dawowa ba. Haushi ya kama ni, na kife gwangwanin. Inna ta zaburo: "Ba a kifewa a gidan nan, Hajara." Bayan wata uku takarda ta zo, zazzaɓi ya ɗauke Baba a teku. Na san babu hannuna, Allah ne mai yi, amma shekara da shekaru ban iya kallon bayan ƙofar nan ba.

Yanzu ina flat ɗin council, gidan haya na hukuma, a unguwar Barking. Jikokina suna nuna mini roka a waya, tana tashi tana sauka lafiya, ina Hausa suna mayar mini da Turanci. In na yi wanke-wanke suna dariya, wai Kaka ba ta iya shanya kwano ba, duk bakinsu sama. Ban taɓa gaya musu dalili ba.