Sunan Yaya Ilu a Ƙofar Gidan Shiru

Kakar bana shekara tara ke nan da muka kai yayana, Ilu magini, makwancinsa a Madarunfa. Abin da na saba shi ne in yi masa addu'a a cikin gida, a raba wa maƙwabta sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa sai da na ɗauki alƙalami, domin an zo har ƙofar gidana ana neman sunansa, kuma ni ba na sakin jiki da abin da aka zo nema da fara'a mai yawa.

Masu karatu su yi mini uzuri, sana'a ce ta mai da ni haka. Na daɗe ina awon gyaɗa a kasuwa, lokacin da gyaɗa take gyaɗa, kafin fari ya zo ya share ta. Wanda ya yi wannan aiki ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Sai ya zura hannu har gindi, don a can tsakuwa take kwanciya. Haka nake duban mutane, haka kuma na dubi mutanen Gidan Shiru tun ranar da suka sauka garinmu.

Ga wanda bai san Madarunfa ba, Gidan Shiru yana tsakiyar gari, bayan rumfunan masu kifi. Turawa uku 'yan Katolika, irin waɗanda muke ce wa mompe, su suka zauna a cikinsa ba da jimawa ba bayan samun mulkin kai. Ba su yi kama da 'yan mishan ɗin Maraɗi da muka sani ba, masu wa'azi da waƙa da iyali. Waɗannan ba mata, ba 'ya'ya, ba wa'azi. Sun ce addu'a suka zo yi, sai ɗan wankin gyambo ga wanda ya kawo kansa. Dattawan gari suka ba su wani kango bisa sharaɗin ba ƙararrawa, ba gicciye a waje. Nan take suka amsa, kuma saurin amsawar ne ya fara tsaya mini a rai. Mutum ya bar ƙasarsu, ya ƙetare teku, sannan ya ce ba ya neman kome a wurinka? Ni dai ban taɓa auna irin wannan buhu ba.

Babbansu, wanda gari ya sa wa suna Mompe Dogo, ya ƙi siminti, ya ƙi rufin tol, wato kwano. Ginin ƙasa yake so, irin namu. Aka nuna masa Yaya Ilu, don a lokacin duk mai son soro da baka daga nan har Ɗan Issa, shi yake aika wa. Na ce wa Yaya kada ya karɓi aikin. Ya ce ƙasa ba ta tambayar wanda zai kwana a cikinta. Rani biyu ya yi yana aikin, jakuna suna kawo masa azara daga wajen Gabi, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na waɗannan watanni ba.

Da ginawa ya yi ya tafi, da magana ta mutu. Amma magina na da suna da wata al'ada wadda masu bulo na yanzu ba su sani ba. Ginin da magini ya tayar ba ya fita daga wuyansa. In an yi ruwa mai ƙarfi zai je ya duba indararo, ya hau rufi ya taka da ƙafa. In kaka ta yi zai kwaɓa ƙasa da makuba ya sake yaɓe. In ya mutu, wannan nauyi na gidansa ne, domin ranar da bango ya faɗi ba mai gida ake zagi ba, cewa ake yi ginin wane ya faɗi. Saboda haka Yaya Ilu ya ci gaba da shiga Gidan Shiru, shekara bayan shekara, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa.

Sai wata mai tallan fura ta leƙa ta gan shi durƙushe a ɗakin addu'arsu, goshinsa kusa da ƙasa, gicciye a rataye bisa kansa. Kafin azahar maganar ta gama kasuwa. Na same shi a zaure na ce, "Yaya, an ce an gan ka durƙushe cikin ɗakin ibadassu."

Ya ce, "An gan ni. Ruwa ta ƙasa shike cin bango, Sale. Daga tsaye za ni ganin shi?"

Na ce, "To, rani hwa? An gan ka da rani ma. Wane ruwa ke cin bango da rani?"

Ya yi dariya ya ce in je in auna gyaɗata. Amsar farko ta gamsar da ni, na kuma yi ta faɗa wa duk wanda ya tare ni. Ta biyun kuwa ban samu ba, har yau.

Bai taɓa barin salla ba, wannan zan rantse a kai. Amma zargi ba ya bukatar mutum ya bar salla. Masu gaishe shi suka fara gajarta gaisuwa. Wani masallaci da aka yi masa alkawarin ginawa aka ba wani. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, kuma ranar jana'iza liman ya ja ni gefe ya ce, "Sale, tsakaninka da Allah, bisa mi ya cika?" Na ce bisa kalmar shahada, a cikin kunnena. Gaskiya na faɗa. Aka yi masa salla, amma sahun bai kai na mutumin da ya rufa wa rabin gari ɗaki ba. Da na waiwaya sai ga mompe uku tsaye can nesa ƙarƙashin bishiyar bedi, huluna a hannu. Sun zo girmama shi ne, na sani. Da sun zauna gida ranar nan da sun fi yi mana alheri, kuma na ji haushinsu ƙwarai.

Ɗansa Lawali ya koyi gini a hannunsa, kuma kakar da ta biyo baya ya ɗauki kwando zai je yaɓen. Ni na hana shi, ban kuma yi da-na-sani ba. A lokacin yana neman aure, kuma gidan da yake nema sun riga sun fara tambaye-tambaye. Yau Lawali magidanci ne, shi ne ladanin masallacin unguwarmu, kuma maganar mahaifinsa ta kwanta. Da wahala muka kwantar da ita.

Ina yawan tunanin abin da Yaya Ilu zai ce da zai tashi ya zaga Madarunfa ta yanzu. Gyaɗa ta tafi, arziki ya koma hannun masu kamyo, manyan motocin kayan nan da ke kai da kawowa a kan iyaka. Duk wanda ya samu sai ya rushe soron ubansa ya tayar da bulo, ya rufa tol, ya shafa shuɗin fenti. Da bazara kuma sai ka gan shi kwance a ƙofar gida bisa tabarma, don ɗakin ya zama tanda. Sorayen da yayana ya gina wa Musulmi 'yan'uwansa, yawancinsu sun tafi ta wannan hanya. Wanda ya rage cikakke, daga tushe har zanko, shi ne wanda ya jawo masa zargi. Ba na jin zai yi mamaki. Dariyar nan tasa zai yi, wadda ba ta amsa tambaya.

To, ana cikin damina sai ga wani saurayi daga Yamai, da motar gwamnati da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan da na haifa. Ya ce ofishinsu yana zaga ƙasa yana neman gine-ginen da bai kamata a bari su rushe ba, kuma Gidan Shiru yana ciki. Za a kafa allon ƙarfe a ƙofa, a rubuta sunan wanda ya gina. Mompe Dogo, wanda yanzu shi kaɗai ya rage, ya ce kada a rubuta sai an tambayi dangi. In mun ƙi, sunan mompe kaɗai za a sa.

Na ce, "Kuma sai ku shahe shi da siminti, ko? Wane Alhaji anka ba kwangilar?"

Ya ce, "A'a, Baba. Siminti yana kashe ginin ƙasa, yana tsare ruwa a ciki. Da ƙasa za a gyara, yadda aka gina shi."

Daidai ya faɗa, kuma wannan ya ƙara mini shakka. Wanda ya zo da amsar da kake so a bakinsa, wani ne ya gaya masa abin da kake so. Akwai ɗan kasuwar da ya daɗe yana zagaya filin nan yana son ya yi ma'ajiyar kaya. Ban ce sun haɗa baki ba. Na dai ce gida a tsakiyar kasuwa, da tsoho ɗaya a ciki, ba a rasa masu ƙaunarsa.

Amma ba na yanke hukunci kan buhun da ban buɗe ba, saboda haka na je, karo na farko a rayuwata. Ƙofar gajera ce, dole ka sunkuya. Kana shiga sai hayaniyar masu kifi ta ɗauke, don kaurin bangon ya kai kamu biyu. Tsakar gida 'yar ƙarama ce, rumfa ta zagaye ta ta kowane gefe bisa bakuna na ƙasa, yadda mutum zai yi ta zagayawa a inuwa ko da rana tsaka. Ɗakunan kwanansu ba su fi rumbu faɗi ba. Ɗakin addu'ar kuwa, nan na tsaya. Bakuna huɗu suka taso daga ƙasa suka haɗu a sama cikin ɗaurin guga, azara a jere tsakaninsu kamar saƙar faifai, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Tagogin ƙanana ne can sama, haske yana saukowa a hankali, ga sanyi kamar bakin randa. A wasu wurare sawun yatsunsa yana nan a jikin yaɓe. Na ga masallatai da gidajen sarauta a ƙasar Katsina da Gobir, kuma ina faɗa ba don ɗan'uwana ne ba, wannan ɗaki ba ya jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu. Na ga kuma inda leburori suka yi ta lallaɓa bangon gabas shekarun nan. Ya fara kumbura daga ƙasa.

Mompe Dogo ya tsufa, sai da sanda. Ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, "Ilu naku ne ko namu?"

Ya ce, "Yakan zo ya zauna a nan, ya yi ta kallon sama. In la'asar ta yi ya fita tsakar gida ya yi sallarsa, ya dawo. Ban taɓa tambayarsa kome ba, shi ma bai tambaye ni ba."

Wata ƙila gaskiya ce. Wata ƙila kuma tsohon ya karanci fuskata ne. Na fito da tambayata yadda na shiga da ita, sai dai na gane cewa mutum zai iya zama a ɗakin nan da rani ba don kome ba sai don shi ya gina shi.

Saurayin Yamai yana ganin allon nan kyauta ce zai ba mu. Bai san abin da suna a jikin gini yake nufi a wurinmu ba. In aka rubuta Ilu, an tayar da maganar da muka binne, kuma an ɗaura wa Lawali yaɓen Gidan Shiru kowace kaka, ladani guda yana shiga yana fita gaban masu kifi. In ba a rubuta ba, nan da 'yan shekaru yara za su tashi suna cewa Turawa ne suka gina, aikin da ya fi kowanne a hannun yayana ya zama na wasu.

Na tara Lawali da mahaifiyarsa Hajo na shimfiɗa musu maganar. Lawali ya sunkuyar da kai, ya ce abin da muka yanke shi ne. Hajo tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai da wayonka, Sale. Da allo da ba allo, wa bai san wanda ya gina ba? Ran da bangon ga ya hwaɗi, yayanka za a zaga. Zargi dai mun sha shi, bai kashe mu ba. Amma ban yarda a ce aikinshi bai da ƙwari ba."

Na kwana biyu ina neman inda maganarta ta ɓaci, ban samu ba.

Saboda haka na aika wa saurayin cewa ya rubuta, kuma ya rubuta cikakke: Iliyasu magini, mutumin Madarunfa. Ban daina sa masa ido ba. Ranar da na ga buhun siminti ko igiyar awon fili a ƙofar gidan nan, za a sake jina a wannan shafi. Abin da ke cikin zuciyar Yaya Ilu kuwa ya tafi da shi, kuma inda ya tafi ba a tambayar mai awon gyaɗa. Ni na sa shi a kabari da hannuna, fuskarsa tana duban alƙibla. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya bar mana a waje bango ne, bango kuma ƙasa yake so kafin wata damina.

Da an gama ɗaurin gero, ni da Lawali za mu kwaɓa ƙasa a Gidan Shiru. Za a gan shi durƙushe a gindin bangon gabas, kuma na san za a yi magana. Wanda yake son ya tabbatar da idonsa, ƙofa a buɗe take, ba sai ya leƙa ba. Ya dai taho da tulun ruwa, don kwaɓin yana da yawa.