Malam A-Taƙaice da Wayar Auta

Abin da na fara sani game da shi ƙararrawarsa ce. 'Yar ƙarama ce, ta tagulla, irin wadda ake ajiyewa a teburin karɓar baƙi a danna da tafin hannu. Ban daɗe da dawowa daga karatu a nesa ba na samu aiki a ofishin ba ɗalibai shawara na jami'a. A makon farko shugabar ofishin ta ce duk Asabar zan riƙa taimaka wa wani dattijo da ke yi wa 'yan ajin ƙarshe bita kan zaman duniya bayan makaranta: neman aiki, tsara lokaci, magana da manya, da irinsu.

"Ki je dai ki gani," in ji ta. "Amma in ya tambaye ki abu, kada ki ja zance."

Ɗakin bitar yana bayan laburare. Kujerun roba ne a jere, da fanka biyu da ɗaya kawai ke juyawa, da farin allo mai tabon wani tsohon rubutu da ya ƙi goguwa. A bakin ƙofa akwai kwando, duk mai shiga sai ya jefa wayarsa a ciki, kuma ta malamin ce ke fara shiga. Dogon mutum ne siriri, rigarsa kullum a goge. Idan ana masa magana yakan juyo da kunnen dama, domin na hagun ya yi rauni. Ɗalibai suna kiransa Malam A-Taƙaice. Ya sani, kuma ba ya jin haushi.

A inda na yi karatu na halarci irin wannan bita ba sau ɗaya ba, da majigi, da takardu masu launi, da mai koyarwa da ke yawan tambayar yadda muke ji a ranmu. Shi Malam ba shi da komai sai kujeru biyu masu fuskantar juna, da ƙararrawar. Yakan zauna a ɗaya, ya ce shi ne manajan da ake neman aiki a wurinsa, ko mai gidan haya, sai ɗalibi ya zauna a ɗayar ya faɗi abin da ya kawo shi. Dokarsa ba ta canzawa: faɗi sunanka, faɗi buƙatarka, yi godiya, tashi. Wanda ya fara kewaye-kewaye sai ya ji ƙararrawa.

Akwai wani ɗalibi mai shegen surutu da 'yan ajin ke kira Lauya, duk da ilimin noma yake karantawa. Ranar da na fara zuwa, shi aka tasa gaba.

"Ranka ya daɗe, kafin in faɗi abin da ke tafe da ni, zan so in fara da ɗan tarihin yadda..."

Malam ya danna ƙararrawa.

"Haba Malam, ai ko gaisuwa ban gama ba!"

"Manajan ya gama. Ya tafi cin abinci. Na gaba."

Aji ya kwashe da dariya. Lauya ya koma mazauninsa yana rantsuwa cewa wannan kamfanin ko roƙonsa aka yi ba zai karɓi aikin ba.

Tarihin Malam a hankali na tsince shi, a hanyarmu daga ɗakin bita zuwa ƙofar jami'a, ni da kwando a hannu, shi da ƙararrawa a aljihu. Aikinsa na farko haɗa waya ne, a zamanin da mai son magana da wani gari sai ya zo ofis ya bi layi. Yana zaune gaban allon igiyoyi, abin sauraro a kunnen hagu, yana zare wannan yana soka wancan. Ya ce ya sha jin mutum ya ƙarar da lokacinsa a gaisuwa, ina gida, ina yara, ina gajiya, har waya ta yanke bai faɗi cewa mahaifiyarsu na kwance a asibiti ba. Ya ga waɗanda suka fito daga ɗan ɗakin wayar suna kuka don ba su kai ga abin da ya kawo su ba. Tun daga nan ya ƙudurta a ransa cewa duk wanda yake ƙauna sai ya koya masa faɗin magana kafin waya ta yanke. Da na'urori suka karɓe aikin, ya koma teburin karɓar baƙi a babban ofishin jami'a, inda ya gaji ƙararrawar. Da ya yi ritaya aka roƙe shi ya riƙe bitar Asabar, sai ya taho da ita.

Kusan kowace bita sai ya kawo misalin autarsa. Ita ce, in ji shi, ɗalibarsa ta farko, kuma har yau babu wanda ya kamo ta. Ta waya aka yi mata tambayoyin neman gurbin ƙaro karatu a waje, ta amsa ba kalma ɗaya da ta zube a banza, aka ɗauke ta, ta gama, aka riƙe ta aiki a can. Yana faɗi yana ɗaga haɓa, ɗalibai su yi tafi. Amma a hanyarmu ta fita sai ya fara yi mini wasu tambayoyin da ba su yi kama da shi ba.

"'Yata, can ɗin, da gaske ne ba su da lokaci?"

Na ce akwai aiki kam, amma akwai ranakun da mutum zai zauna shi kaɗai a ɗaki yana sauraron ƙarar firji.

"To in mutum ya zauna haka, wa yake kira?"

Na ce wanda zai bar shi ya yi ta zuba.

Ya gyaɗa kai, muka rabu a ƙofar jami'a.

Na gane dalilin tambayar ranar da ya ce matarsa na son ganin "'yar nan da ta dawo". Malamar firamare ce mai ritaya, mace mai fara'a, ta ce in kira ta Umma kamar yadda yaran gidan ke yi. Da na je gidan, muna zaune a falo da la'asar, ƙarƙashin hoton Auta cikin rigar kammala digiri, sai wayar Umma ta yi ƙara. Auta ce. Umma ta jingina, ta miƙe ƙafa, irin zaman wanda ya san ba yanzu zai tashi ba. Aka yi zancen labulen da Auta ta saya ya yi wa taga kaɗan, da takalmin da ya matse ta a wurin aiki, da kyanwar maƙwabciya mai satar shigo mata ɗaki. Umma ta yi ta dariya har da hawaye. Malam ya buɗe jarida, amma ban ga ya juya shafi ba, kuma kunnen daman nan yana wajen matarsa.

Can Umma ta ce, "Ga Babanki," ta miƙa masa. Ya sa wayar a lasifika saboda kunnen.

"Baba, ina wuni. Auta ce. Ina lafiya, aiki ma lafiya. Maganinka bai ƙare ba ko?"

"Bai ƙare ba."

"To madalla. Na gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya. Sai wani makon."

Ta kashe. Ya ci gaba da riƙe wayar a tafinsa yana kallonta.

"Ka ga aikinka ko?" in ji Umma. "Suna, buƙata, godiya. Ko kuskure ɗaya babu. Sai ka ba ta maki."

"Yarinyar tana da ladabi."

"Ladabi kam akwai." Ta juyo gare ni. "Tana 'yar firamare, takan dawo da labari cike da bakinta: wance ta faɗi, akuya ta shigo aji, malam ya zauna a kan alli. Sai wannan bawan Allah ya ɗauki cokali ya buga kofi, ya ce, 'A taƙaice, Auta.' Yau da gobe ta daina kai masa. Ta riƙa biyo ni kicin da labaranta."

"Shirya ta nake yi," in ji shi, a hankali.

"Ai ta shiryu."

Da ya rako ni bakin titi, ya tsaya yana gyara maɓallin hannun rigarsa wanda ba abin da ya same shi.

"Duk abin da na sani na rayuwarta rabi ne," ya ce. "Abin da uwarta ta maimaita, shi nake tsinta. Na san akwai kyanwa. Ban san launinta ba."

Na ce ya tambayi Umma mana.

"Ba daga bakinta nake son ji ba."

A bitar ƙarshe kafin 'yan ajin su tafi, darasin na kiran waya ne. Malam ya bi dokarsa daki-daki, ya tambaya ko akwai mai tambaya. Lauya ya ɗaga hannu, aji ya yi guna-guni.

"Malam, in mutum ba shi da buƙata fa? Muryar mutum kawai yake son ji. Me zai sa a tsakiya, tsakanin suna da godiya?"

"Faɗi gaskiya, wace ce?" in ji wata ɗaliba daga baya, wadda suke ce wa Monita.

"Kakata ce, ke! Ba kowa ne irinki ba."

Ana ta dariya, hannun Malam yana kan ƙararrawa, amma bai danna ba. Da aka lafa ya ce, "Ban sani ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka a aji ba. Ya tashi daga kujerar manaja, ya koma ta ɗalibi, ya nuna wa Lauya wadda ya bari.

"Zo ka zauna. Kai ne 'yata. Tana nesa. Ina so ta daɗe a waya."

Lauya ya zauna, ya kai hannu kunne, ya sirantar da murya. "Salamu alaikum, Baba."

Malam ya gyara zama. "Auta, Babanki ne. Ina buƙatar ki riƙa ƙara tsawon hirarmu. Na gode."

Lauya ya miƙa hannu ya danna ƙararrawa. Aji ya kece, har Malam sai da ya dara.

"Malam, wannan ai sanarwar ofis ce! Ni kakata in ta kira, tambayata take ko na yi aski. Ta ce me ke ƙara a bayana. Abin da ba ruwanta da shi, shi take tambaya, kuma sai na tsinci kaina ina ta ba ta labari."

"Tambaye ta abin da take gani ta taga," in ji Monita. Wannan karon ba da wasa ta faɗa ba.

Suka sake gwadawa, suka kuma sakewa. Duk sanda Malam ya yi tambaya ɗaya sai bakinsa ya nufi godiya, Lauya ya ce, "Ba a kai nan ba tukuna, Baba." Haka suka yi har lokaci ya wuce, kuma babu wanda ya tashi.

Bayan an watse, kowa ya ɗauki wayarsa, ta Malam kaɗai ta rage a kwando. Ina tattara kujeru ya ɗauko ta, ya koma kujerar ɗalibi. Na yi niyyar fita, ya yi mini alama in tsaya. Ina jin ba ya son zama shi kaɗai da ita. Ya sa lasifika, ya kira.

"Baba? Lafiya? Umma ce?"

"Lafiya lau. Kowa lafiya."

"To me ya faru?"

"Babu abin da ya faru."

Na ga leɓɓansa sun fara shirin godiya. Ya danne gwiwarsa da hannu.

"Auta, me kike gani ta tagarki?"

"Taga?" Muka ji motsin kujera. "Bango ne, Baba. Bangon wani gini."

"Wane launi?"

Ta yi 'yar dariya ta rashin tabbas. "Ja ne, amma ya koɗe. Baba, ka tabbata lafiya?"

"Kyanwar fa? Ta nan take shigowa?"

"Wa ya gaya maka zancen kyanwa?"

"Ina ji ai. Rabi nake ji."

Wata mota ta wuce a can garin nata, muka ji ta a nan. Da ta sake magana, muryarta ta ƙanƙance.

"A taƙaice kake so, ko duka?"

"Duka."

Ta fara, amma da ɗingishi. Sai ta faɗi jimla ta tsaya, kamar tana jiran a buga kofi. Shi kuma ya ce, "Sai me?" Ta ƙara wata. Ta ce kyanwar ta tsohuwar da ke saman bene ce, ta bututun ruwa take saukowa, kuma ba ta zuwa sai in an kunna murhu. A hankali labarin ya fara gudu, har ta kwaikwayi muryar tsohuwar tana kiran kyanwar. Daidai nan aka ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Wayyo, Baba, an zo ɗaukata, za mu fita. Ban ma kai inda ta cinye mini kifi ba! Zan kira ka in ƙarasa."

Ta kashe. Ya daɗe a zaune, wayar a tafinsa kamar ranar nan a falo.

"Ba ta yi godiya ba," ya ce, yana murmushi.

Muka kulle ɗakin. Ya sa wayar a aljihun gaban riga, yana taɓa ta lokaci-lokaci muna tafe. Mun kusa ƙofar jami'a ya tsaya cak.

"Kin ga, ban tambayi launin kyanwar ba."

Na ce ya sake kira anjima mana.

Ya girgiza kai. "A'a, na ajiye wannan. Kada tambayoyin su ƙare mini."