Ƙibar Guntu

Ƙanena Guntu ɗan dako ne a wani siton siminti. Tun yana saurayi yake saɓa buhu, har wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Gajere ne, faffaɗa kamar ƙofar shago, in ka daki cikinsa hannunka ne zai yi ciwo. Da wannan gadon bayan ya sa 'ya'yansa duka a makaranta.

Bara kamfani ya kawo wata nas ta auna ma'aikata. Ta ɗora shi a sikeli, ta jingina shi da bango, ta daddanna waya. Wai nauyi ake rabawa da tsawo, a sake rabawa da tsawon, abin da ya fito shi ne BMI. Na Guntu ya haura talatin.

"Baba, ƙiba ta yi maka yawa," in ji ta.

"Tana ina?" ya ce, yana dudduba jikinsa.

Ko damtsensa ba ta taɓa ba. Manaja kuwa, dogo mai ƙafafu kamar tsinke, tumbi kamar ya haɗiyi tulu, lambarsa ta fito ƙalau. Shi ne ma ya yanke hukunci: duk wanda ya haura, ko ya rage ko ya ajiye aiki.

Na ce, "Kai Guntu, sikeli ya san tsoka ya san kitse ne? Tafi asibiti a auna ƙugunka, a duba jininka."

"Yaya, manaja ba ƙugu ya tambaya ba, lamba ya tambaya."

Ya daina karyawa. Da rana ruwan zafi da lemon tsami, mutumin da ke loda tirela! Kullum da safe sai ya hau sikelin kaya, abokan aiki suna ihu, "Guntu, yau buhu nawa za a rubuta ka?" Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta koma huda masa sabon rami a bel.

Ranar da aka sake awo, lamba ta sauko, nas har tafi ta yi masa. Da la'asar ya sunkuya ya ciccibi buhu, gwiwa ta ƙi, suka zube tare a gaban manaja. Aka sallame shi, wai ba shi da ƙarfin aiki.

Jiya ya zo gidana, wando na zamewa, wai in tambayi maigidana ko wurinsu ana neman mai gadi. Na ce zan tambaya. Na dire masa kwano, na tsaya a kansa sai da ya siɗe.