Matoshin da Na Ajiye a Aljihu

Na fi shekara ashirin ina riƙe da zarto a unguwar Nima kafin Yaya ta nuna mini cewa a idonta ni mai gyaran benci ne kawai. Ba da baki ta faɗa ba. Wata Juma'a na je cin abinci gidanta a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, kamar yadda na saba tun ina saurayi, sai na tarar da wani mutum tsugune a tsohon ɗakin ajiyarmu yana awo, fensir a bayan kunne. Fensir a bayan kunne, jama'a, a gidan ubana!

Yaya ce babbarmu, ni ne auta. Ita ta goye ni, ita ta kama hannuna ta kai ni koyon kafinta bayan rasuwar Baba, kuma ita ta ci gaba da zama a gidan da ya gina bayan ya bar soja. Atamfa take sayarwa a kasuwar Makola. Tun da ta dawo Hajji take zancen wani kicin da ta gani a gidan wata 'yar Zango, Bahaushiyarmu ta nan, da ke aure a Jidda: kabad a bango sama da ƙasa, famfo a cikin ɗaki, ga wani tebur a tsakiya mai durowa, a yi girki a tsaye. Tsakani da Allah, ni ta fara yi wa maganar. Na yi dariya har da buga cinya, na ce wa zai tuƙa tuwo a tsaye kamar ɗan sandan da ke ba da hannu a titi? Abin da ban gaya mata ba shi ne ban taɓa manna wa katako fomeka mai ƙyallin nan ba, kuma irin hinjin nan da ke ɓuya a cikin ƙofa, ko a hannu ban taɓa riƙewa ba. Ni benci na sani, da gado, da ƙofa, da makara idan masallaci ya nema. Na ɗauka dariyar ta kashe maganar, ashe tana nan da ranta.

Na ce, "Yaya, wane ne wannan?"

"Kafinta ne. Mutumin Lome ne, shi ya yi wa wata ƙawata aiki a Labone, unguwar masu kuɗi."

"Kafinta! To ni fa, koko nake sayarwa?"

"Auta, wanke hannu ka ci abinci. Na tambaye ka, ka ce ba ka aikin 'yan sanda."

Wake da shinkafa ne ranar, da shito, soyayyen yajin nan, irin nata da babu kamarsa a duk Mamobi. Wallahi ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga ranar ƙafata ta koyi hanyar gidan. Yau na zo gaisuwa, gobe na zo aron guduma, ni da nake da guduma huɗu. Aibu nake nema, kuma ban samu ba. Mutumin nan ya iya aiki, Allah ya ba shi hannu, ni kuma abin yana ba ni haushi. Idan ya haɗa kusurwa, ko farce ba ya shiga. Akwai ranar da ya fita cin kenke, tuwon masarar nan na cikin ganye, na lallaɓa na ja durowa ɗaya. Ta taho sumul, ba ƙara, ba tirjiya. Na tura ta, na sake ja, na sake turawa. Da ma mai girman kai ne, da na samu abin riƙewa. Ina! Da ya gan ni zai miƙe ya cire hula, da 'yar Hausarsa ta kasuwa: "Masta, sannu. Masta, zauna." Wannan Masta ɗin ya fi zagi ciwo.

Matan unguwa kuwa suka mai da gidan wurin kallo. Wata da ni na yi mata gadon aurenta, gadon da ta haifi 'ya'ya shida a kai bai ko yi ƙara ba, ta shafa ƙofar kabad a gabana ta ce, "Oho, ashe haka ake aikin katako!" Na koma gida ina huci, sai matata ta ƙarasa ni. Ba da mugunta ba, tana tankaɗe ta ce, "Maigida, me zai hana ka riƙa zama kusa da shi ka ga yadda yake yi?" Ranar ko tuwonta ban ci ba.

Sai aka zo aikin famfo.

Bayan gidanmu babbar kwata ce. Da rani ba ka ganin komai sai ɗan baƙin ruwa can ƙasa, awaki suna tsallakewa. Amma duk wanda aka haifa a layinmu ya san abin da take zama idan damina ta kankama: duk ƙazantar Nima da Mamobi ta nan take bi, ta cika ta tumbatsa. Shi ya sa Baba ya ɗaga dokin ƙofarmu har ƙwauri, ya shafe bangon baya da siminti, bai bar ko ramin ɓera ba. Ruwan wanke-wanke a bokiti muke fitar da shi ta ƙofar gaba. Maƙwabta suna kwasar ruwa a ɗakunansu duk shekara, mu tabarmarmu a bushe.

Mai aikin famfon da mutumin Lome ya kawo ba ɗan unguwa ba ne. Ya kafa wurin wanke-wanke, ya jawo ruwa, sannan ya huda ƙasa kusa da teburin tsakiya ya yi magudana, wai don idan an wanke daɓe ruwa ya tafi da kansa. Bututun ya bi ta ƙarƙashin bangon Baba ya fita kwata. Na zagaya baya na leƙa. Bakin bututun yana ƙasa da baƙin layin da ruwan bara ya bari a bango, ƙasa sosai, ya kai kamu biyu. Ba sai an yi karatu ba: ranar da kwata ta cika, ta nan za ta shigo.

Na tsaya a wurin ina kallo, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Ga shi dai, na samu.

Da na dawo ciki, mutumin Lome yana goge hannu da tsumma. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Masta, ka duba duka. Akwai gyara?"

Tambaya ce ta gaskiya, ya ma karkato kai yana jira. Na dubi ramin, na dubi fomekar da ke ƙyalli, na tuna matar nan mai gado.

"Babu. Aiki ya yi kyau."

Yaya ta yi murmushi har haƙorin Makkanta ya fito. Ta ce, "To, tunda Auta ya ce babu, babu ke nan."

Kafin in tafi na yi kamar takalmina ya kwance, na tsuguna na auna bakin ramin. Washegari a shago na zaɓi guntun katakon odum mai kyau, na sassaƙa matoshi daidai wurin, ƙasa siriri sama da kauri. Na goge shi da sanfefa har ya yi santsi, na shafe shi da mai don kada ya sha ruwa, na kafa masa ɗan zoben ƙarfe a ka na cirewa. Ban taɓa ɓata lokaci a kan ƙaramin abu haka ba. Na ce wa kaina ranar Juma'a zan kai mata.

Juma'a ta zo, na je da shi a aljihu, na ci abinci a kan sabon tebur, na dawo da shi. Wata Juma'ar ma haka. Azumi ya shiga, muka sha ruwa a gidan, aka yi Salla, yana aljihuna. Ni ba so nake gidan ya lalace ba, Allah ya sani. So nake ruwa ya ɗan shigo, ya jiƙa tafin ƙafa, a rasa yadda za a yi, a ce a kira Auta. In zo in buga abu ɗaya, matan nan su ga wanda ya san gidan. Har yadda zan yi shiru ban yi gori ba na tsara a raina.

A gabana Yaya ta jera kayanta. A kabad na ƙasan teburin ta sa buhun shinkafa da garin masara. Can ciki kuma ta sa akussan Inna, mahaifiyarmu, guda uku da muciyarta, waɗanda kakarmu ta taho da su daga arewa a kan jaki, zamanin fataucin goro. A cikin ƙaramin akushin aka fara ba ni tuwo. Na ga ta sa su, na taɓa aljihuna, na bar shi a ciki.

Ruwan ya zo wata Talata bayan asuba, ya ƙi tsayawa. Da hantsi ya yi, hanyar gaban shagona ta zama rafi, robobi da takalma suna wucewa. Na zauna ina jiran ɗan aike. Ba wanda ya zo. Sai na naɗe wando na ɗauki guduma na fita.

Dokin ƙofar Baba ya yi aikinsa, ko ɗigo bai tsallako ta gaba ba. Daga ciki ruwan yake fitowa. Baƙi ƙirin, yana ɓulɓulowa daga ramin nan kamar tukunya a kan wuta, ya cika kicin ya malalo tsakar gida, ga wari ba a magana. Yaya ta ɗaure zani a ƙirji, ita da 'yarta suna kwasa da bokiti, suna zubarwa yana ƙaruwa. Matar da ba ta yarda ko kaza ta taka inda take salla, ga ta tsundum cikin najasar unguwa har ƙwauri.

Na durƙusa na laluba ramin, na zaro matoshin na sa. Bugu uku. Ruwan ya tsaya cak.

'Yarta ta ce, "Kawu, Allah ya yi maka albarka!" Maƙwabtan da suka leƙo suka ɗauka, kowa na faɗin ai ɗan gida daban ne. Abin da na yi watanni ina jira ke nan, na kuma same shi cif. Daɗin bai kai minti biyar a bakina ba.

Muka kwashe ruwan har azahar. Kabad na ƙasa duk sun kumbura kamar burodi a shayi, fomekar ta ɗaɗɗago. Shinkafa da gari sai juji. Sannan Yaya ta tsuguna ta jawo akussan Inna ɗaya bayan ɗaya. Tsohon itace ne, duk ya tsattsage, baƙin ruwan ya shige kowace tsaga. Ta daɗe tana riƙe da ƙaramin. Sai ta kai su bakin ƙofa ta ajiye tare da shara.

Na ce, "Yaya, bari in tafi da su in kankare. Za su fita."

"Za ka ci tuwo a ciki?"

Na bar su a wurin.

Ta dawo ta tsaya a kan ramin. Ta sunkuya ta shafa kan matoshin da yatsa, yadda take shafa atamfa ta gane ta gaske da ta jabu. Ta kama zoben ta ɗan girgiza. Ta dubi yatsanta.

"Auta, yaushe ka sassaƙa wannan?"

"Da safen nan, da na ga ruwa..."

"Man ya bushe."

Na ji 'yarta tana wanke bokiti a waje. Na ce, "Tun kafin azumi."

"Ranar da ya tambaye ka, ka gani?"

"Na gani."

Na so ta yi faɗa. Yaya ta iya faɗa, duk Makola an sani, da ta zage ni tas da na samu sauƙi. Sai kawai ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "To. Na gode da ka zo. Je ka canza kaya kada sanyi ya kama ka."

Mutumin Lome ya dawo ya cire kabad na ƙasa, ya ɗaga su a kan siminti ya yi sababbi. Har shago ya same ni, hula a hannu, yana cewa kunya ta kama shi, Masta ne ya ceci aikinsa. A nan na gane Yaya ba ta gaya wa kowa ba. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba, ko 'yarta ba ta sani ba.

Juma'ar da ta biyo, ina sa riga zan tafi Mamobi bayan masallaci, sai ga 'yarta da kwano a rufe, an ɗaure da ɗankwali. Wake da shinkafa, da shito, da ƙwai biyu, yadda nake so.

"Kawu, Hajiya ta ce kada ka wahalar da kanka da zuwa, za a riƙa kawo maka."

Aka kuwa riƙa kawowa. Ba ta taɓa fashi ba, ko tana ciwo. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, ta ce Auta ya iyali, in ce lafiya lau Yaya. Amma ko ƙusa ce ta fita a gidan, wani ake kira, kuma ba ta sake tambayata ko abu ya yi ko bai yi ba. Matoshin yana nan har yau, 'yarta ta rataye shi da igiya a jikin teburin, da hadari ya haɗo take bugawa. Takan nuna wa baƙi ta ce aikin Kawu ne.