Malam Gambo, Mai Rakiyar 'Yan Kaso

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, da hantsi, ina cikin kasa albasa a rumfata sai Salisu tela ya leƙo ya ce Malam Gambo kafinta ya rasu a gidan likita, hawan jinin nan ne da ya daɗe yana fama da shi. Ya faɗa kamar mai faɗin farashin gero, ya wuce. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Malam Gambo, na je inda aka binne ka, na tsaya daga baya. Na ji jawabai. Wani dattijon majami'arku ya ce kai fitila ne ga 'yan kaso, har ya share hawaye da hankici. Na san mutumin. Shi ne wanda ka ba ni labari da bakinka, wanda ya tsare ka a taro ya ce: “Shekara sha tara kana shiga gidan kaso, mutum nawa ka kawo mana?” Ka ce uku. Ya ce aikin bai da amfani, a mayar da ƙarfi wani wuri. Ranar binne ka sai da na ciji leɓe don kada in yi magana a kan kabari. Yau takarda ce, zan yi.

Wanda bai san ni ba, ni ne Illa mai albasa. Shekara goma sha huɗu da suka wuce na sayi awaki biyar, na san na sata ne, na yi wata tara a gidan kaso. 'Ya'yana sun tashi da labarin cewa Tamanrasset na je ci-rani. To ga gaskiya sun ji.

A can na san ka. Duk Alhamis sai ka zo da kwandon tuwo da matarka Shekara ta tuƙa, da sabulu da ka yanyanka ƙanana, da littafinka a jakar fata. Doka ce duk mai kawo abinci ya ɗanɗana a ƙofa gaban gardi. Kowa loma ɗaya yake yi. Kai sai ka yi uku, a hankali, kana lashe yatsa inda muke hango ka, domin ka san abin da ake faɗi a ciki: wai kuna barbaɗa wani magani a miya, wanda ya ci sai ya manta alƙibla. Mu muka ƙirƙiro maganar, mu kuma muke rige-rigen miƙa kwano.

Ni na fi kowa iya shege. Na lura wanda ya zauna ya saurari karatunka yakan samu ƙarin sabulu, sai na zama ɗalibin gaba. Na haddace waƙoƙinku biyu, ina rerawa har da lumshe ido. Wata bakwai ina yi maka wannan wasa. Saura kwana uku in fita ka jawo ni gefe ka ce: “Illa, muryarka ta yi, amma ka je ka yi sallarka, la'asar na wucewa. Sabulun naka ne ko ba waƙa.” Na yi shekara talatin ina karanta fuskar mai saye kafin ya buɗe baki, ashe kafinta ya karance ni tun makon farko. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Abin da ya fi tuwo da sabulu shi ne rakiya, kuma shi ne abin da masu jawabi ba su ambata ba. Mutum ya gama wa'adinsa, an buɗe masa ƙofa, ya tsaya a rana da leda a hannu. Ina zai nufa? A ƙauyukanmu wanda ya fito daga kaso ba ya shiga gari haka kawai. Sai wani mai mutunci ya riƙo hannunsa, ya kai shi gaban mai gari, ya ce ga shi na kawo, ni na tsaya masa. Kai ne ka mayar da wannan aikinka. Ka kai mutane Kurni, ka kai Dawce, a kan tsohon babur ɗinka, ka rufe shago ka bar ƙofofin mutane ba fenti. Kusan duka Musulmi ne, kuma ba ka taɓa tambayar ko ɗaya ya biya ka da addininsa ba.

Me muka saka maka da shi? Mu nan kasuwa mun ce farautar masu yunwa kake. Waɗanda suka fi kowa faɗin haka ba su taɓa aika ko ƙullin gari gidan kaso ba, ko da azumi. Akwai masu rumfa a layinmu da ka taɓa rakawa gida, yau sun yi tumbi, ranar rasuwarka ko gaisuwa ba su je ba, kada a tuna inda kuka haɗu. Naku kuma? Ukun nan da suka bi ka, ɗaya ya je majami'a bayan ya fito, mata suka jawo jakunkunansu suka rungume, aka nuna masa benci na ƙarshe kusa da takalma. Bai koma ba. Ka gaya mini wannan kana goge katako, ba ka ɗago kai ba. Ni na yi zagin a madadinka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai Cha'ibu, mutumin wani ƙauye a Yauri, wanda ya cinna wa rumbun ɗan baffansa wuta a kan rikicin iyakar gona. Shekara biyar ya yi. Shi ne na ukun waɗanda suka karɓi addininka. Ban ji daɗin zaɓinsa ba, ba zan ɓoye ba, amma ba ni zan yi masa hisabi ba. Sau uku ka je ƙauyensu kafin mai gari ya sauko. Sharaɗi ɗaya ya kafa: Cha'ibu ya zo da mutumin kirki wanda zai tsaya masa, in ya zo shi kaɗai kada ya wuce rijiyar bakin gari. Yana da mata da 'ya biyu a can. Ranar Litinin, 3 ga watan Yuni, ake sakinsa.

Bayan an binne ka na je wurin dattijon nan mai hankici. Ya ce: “Malam Illa, wannan magana sai kwamiti ya zauna.” Na ce yaushe? Ya ce bayan shuka. Na ce ranka ya daɗe, ƙofar kaso ba ta jiran damina. Na dawo wurin namu, wani Alhaji ya ce: “Ai ya bar mu, waɗanda ya bi su ɗauke shi.” Kowa ya tura wa wani, kamar ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya tuna a sanar da mutanen cikin kaso. Alhamis biyu suna leƙen ƙofa. Na nemi takardar izinin ziyara, na tsallaka ƙofar da na yi rantsuwa ba zan sake tsallakawa ba, na gaya wa Cha'ibu. Bai yi kuka ba. Sai ya ce: “To, Baba, wa zai zo ke nan?” Na ce ni.

Na faɗa, kuma zan je. Amma na san darajar maganata. Tsohon ɗan kaso ya kawo sabon ɗan kaso, mai gari dariya zai yi, kuma yana da gaskiya. Mutum ɗaya ake nema, mai furfura da suna mai kyau, ko daga majami'a ko daga masallaci. Babur ɗina na ɗaukar uku. Da na faɗa wa Shekara, tana zaune a tabarmar makoki, cewa ta yi: “In maza sun gagara, ka zo ka ɗauke ni.” Ku ji fa, maza.

An ja mini kunne a kan irin addu'ar da zan yi maka, malamai kuma sun fi ni sani. Ni dai na miƙa ka ga wanda ya halicce mu duka, wanda ya ga duk Alhamis ɗin nan, wanda rahamarsa ba a hannun 'yan kasuwa take ba. Allah ya saka maka da abin da ka yi wa bayinsa lokacin da nasu suka juya baya. Ina yi wa Shekara ta'aziyya, da ɗanka Dawuda, da 'yarka Hafsatu, da mutanen ciki waɗanda ba su samu zuwa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da kyau.

Litinin, ƙarfe takwas na safe, ina ƙofar kaso. Wanda yake da hawayen gaske ya same ni can.